Rabin Littafin da Ka Ce Akuya Ta Cinye

Akurba, Lafia.
Lahadi, 21 ga Oktoba, 2007.

Ya Mahir, inuwar mangwarona a tsakiyar zafin Maris, ruwan randata bayan na dawo daga kasuwa da ƙafa, ƙanshin turɓaya ranar da hadarin farko ya cika alkawari, sabuwar doyar da ake ɗokinta tun ranar da aka binne irinta. Ya hasken da ke sauka a kan duwatsun Eggon da hantsi. Ya maƙaryacin da na fi so a duk faɗin ƙasar nan! Assalamu alaikum.

Ka ga na cika al'ada. Na san yanzu kana murmushi kana cewa Dijatu ta ari bakin wata, domin a shekara huɗu da watanni ban taɓa kiran ka da abin da ya wuce sunanka ba. To, ka adana murmushin. Duk abin da na jera gaskiya ne, har da na ƙarshen, kuma a kansa wasiƙar nan take. Ban kira ka a waya ba saboda a waya kai ne da fili. Muryarka tana shigowa kamar an buɗe taga, in manta abin da na shirya, mu rabu ina dariya. A takarda kuwa ba ka da damar katse ni.

Na samo littafinmu. Cikakke, Mahir, daga bango zuwa bango. Ranar Alhamis na taso daga makaranta na ratsa ta kasuwa, sai ga shi a shimfiɗe a kan leda wurin mai tsofaffin littattafai, tsakanin wani littafin lissafi da mujallar ɗinki. Ga yarinyar mai jar suma a bango, baki buɗe, ga tafkin a bayanta, ga hannun nan da ke fitowa daga ruwa. Rana ta cinye launinsa, wani ya ɗora masa kofin shayi ya bar zobe. Na tsaya a kansa kamar na haɗu da wata tsohuwar ƙawa da ta san asirina.

Kana tuna ranar? Malaman jami'a sun tafi yajin aiki, an ce kowa ya kama gabansa, muka haɗu a tasha a Jos muna jiran fijo ta cika zuwa Lafia. Ban san ka ba, sai dai na san kai ɗan garinmu ne mai karanta ilimin sinadarai. Mai tallan littattafai ya zo, hannuna da naka suka sauka a kan guda ɗaya, kuma shi kaɗai ne irinsa. Ka ce in ɗauka. Na ce ba na karɓar sadaka daga 'yan kimiyya. Na ciro reza daga jaka, na tsaga shi ta gadon baya, kana kallo kamar na yanka ɗan mutum.

A makarantar kwana ta 'yan mata da na yi, haka muke yi. Littafin labari ba ya zama ɗaya a hannun mutum ɗaya alhali mu arba'in muna jira. A tsaga shi gida huɗu ko biyar, ta farko ta gama kashinta ta miƙa wa ta bayanta, labari ya yi ta tafiya daga gado zuwa gado kamar bokitin ruwa a layi. Doka ɗaya ce tak: wadda ta riga ta kai ƙarshe ba ta buɗe baki. In ta faɗa, sati guda ba mai yi mata magana. Na yi maka wannan bayani, na miƙa maka rabin farko tunda kai ne babba. Ka ce, “A'a, ba ni na ƙarshen. Ni ba na son gaishe-gaishe, a kai ni inda ake mutuwa.” Muka yi alkawarin musanya bayan kwana uku.

Kafin mu sauko Akwanga na cinye nawa. Wani ƙaramin gari a ƙasar Turawa, a bakin tafki. Yara 'yan sakandare sun shiga kwale-kwale, saurayin mai jar suma ya faɗa ruwa, aka yi ta nema ba a gan shi ba. Bayan kwana uku sai ga shi ya dawo da ƙafarsa, ya ce lafiyarsa ƙalau. Amma gashinsa ba ya bushewa, ba ya cin abinci, karen gidansu ba ya yarda ya matso, kuma abokan da ke cikin kwale-kwalen suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Rezata ta faɗa daidai inda yarinyar ta sa ƙafa a matakalar farko ta wani ɗakin ƙarƙashin ƙasa a bakin ruwan. Jimlar ma ba ta ƙare ba.

Rana ta uku ka zo ƙofar gidanmu hannu rabbana, ka ce akuyar maƙwabta ta cinye naka. Na ce duka shafi casa'in? Ka ce akuyar 'yar boko ce. Amma kada in damu, ka riga ka karanta, za ka ba ni da baki.

Ni da na taɓa yi wa aminiyata sati guda ba magana a kan wannan doka, na ce to.

Wayyo waɗannan la'asar ɗin! Ina za a sake samun irinsu? Kai a wancan ƙarshen benci, ni a wannan, mangwaro yana zubo mana fure a ka, Inna a kan tabarma tana ɓarar agushi wai ba ta jin mu. Shafi casa'in ka mayar da su wata biyu. Kullum ka tsaya a inda numfashi ke tsayawa, ka duba agogo, ka ce za a kira magariba. A bakinka, yarinyar ta sauka ta tarar da saurayinta na gaskiya a ɗaure, da ransa. Wanda ke yawo a gari aljanin ruwa ne da ya ari kamarsa. Ka kawo wata tsohuwa mai kamun kifi da ta san sirrin tafkin. Aka yi artabu, aka ci nasara, har biki aka yi. Tun ranar da tsohuwar Baturiyar nan ta fara karin magana irin na Kanawa ya kamata in gane, amma a lokacin ba labarin nake bi ba. Hannuwanka nake kallo, yadda suke zana tafki a iska. Inna kuwa ta bar ɓoyewa a mako na biyu. Kana yin sallama za ta ce, “Ɗan nan, zauna. Yaron ya fito daga ruwan ko har yanzu?”

Yanzu ga ra'ayina a kan na ainihin, tunda kullum kana cewa ban taɓa ganin takarda na bar ta ba maki ba.

Littafin ba shi da kyau. Na ba shi huɗu bisa goma, ɗaya daga ciki na bangon ne. Marubucin yana da kalma ɗaya da yake buɗe duk abin tsoro da ita, wadda mu za mu ce kwatsam. Na bi ta da jar biro na ƙirga arba'in da ɗaya. Abin da ya zo kwatsam sau arba'in da ɗaya ai ya zama maƙwabci. Mutanen garin kuma ban san irinsu ba. Yaro ya ɓace kwana uku a ruwa ya dawo, ba wanda ya zo barka, ba wanda ya kawo ko kunu, iyayensa ma kullum sun yi tafiya. A Akurba wannan fatalwa ba za ta kai azahar ba. Kafin ya shiga ɗaki maƙwabciyarmu Mama Vera ta tsallako katanga ta kama kunnensa ta ce da irin Hausarta, “Wannan yaro jikinta sanyi kamar kifi!” Ta shafa masa man addu'a daga coci, Inna ta ɗura masa rubutu, mata goma su zauna a kansa suna tambayar waye ya tura shi, har ya gwammace ya koma tafkinsa ya huta. Ita kuma jarumar, Allah ya shirye ta. Ta ji motsi a ɗaki mai duhu, a garin da ake mutuwa duk mako, sai ta ɗauki kyandir ta sauka ita kaɗai tana tambayar wane ne. Wa take so ya amsa?

Ba tsohuwa, Mahir. Ba aljani, ba biki. Gawarsa ta tarar a ƙasan. Tun shafi na goma sha biyu ya mutu. Shi ne ya kashe abokan, a ƙarshe ya ja ta cikin ruwa, aka rufe da hannun nan na bango. Naka ya fi nasa nesa ba kusa ba, kuma na yi imani akuya ba ta taɓa ganin takardar nan ba. Ka karanta, ka ga ƙarshen bai dace da yarinyar da kake so ka sake gani ba, ka zauna ka ɗinka wani. Na yi dariya a tsakiyar ɗakin malamai har mai koyar da tarihi ya tambaye ni ko lafiya.

Sai na kai shafi na ɗari da sittin da biyu, dariyar ta tsaya.

Shafi ɗaya ne, kuma ina jin marubucin bai san ya rubuta abin kirki ba. Yarinyar ta leƙa ta taga da safe ta ga mataccen yaron yana goge rigar makaranta. A hankali, har da wuyan rigar, har da bakin hannu. Ya sa, ya ɗauki jaka, ya tafi aji, ya zauna a kujerarsa, malami ya yi tambaya ya ɗaga hannu. Da ta tambaye shi me ya dawo da shi, sai ya ce bai san yadda zai faɗa wa mutanen gida ba, kuma bai san inda mutum yake zuwa da safe ba in ba makaranta ba.

Na rufe littafin, na fita, na tsaya a bakin famfo na daɗe ina wanke hannun da ba abin da ya taɓa.

Domin ranar Talata Hembadoon ta zo gidanmu. Ka san ta, ƙawata tun firamare, wadda ke kai doya Kaduna. Ta zauna ta ƙi shan ruwa, ta yi ta juya zobenta, sannan ta ce da Hausar nan tata, “Dijatu, na riƙe kwana tara, cikina zai fashe. Na ga mutumin ka.” Ta ce ta sauka daga mota ta tsayar da ɗan acaba, ta hau, ta kalli ƙeya ta ce wannan ƙeya ta san ta. Ta kira sunanka, ka maƙe murya ka ce ba kai ba ne. Ta ce, “To wannan tabon ƙuna a wuyan hannu fa, aron shi ka yi?” Ka tsayar da babur a gefen titi. Ka gaya mata an rufe masaƙar da kake aiki tun watan Yuni, an sa kwaɗo a sashen rininku, kowa ya watse. Ka haɗa ta da Allah kada ta faɗa mini. Kada ka ga laifinta. Kwana tara a wurin Hembadoon ya kai shekara.

Tun Yuni! Na ɗauko wasiƙunka na shimfiɗa su a kan gado. Guda biyar, duk a takarda mai tambarin masaƙar da ta riga ta mutu. Ga sabon injin da aka kawo. Ga manajan da ba ya son a yi dariya, har tari ka ba shi, har 'yar da za ta yi aure. Ga aikin da ya yi yawa har aka hana ku hutun Ƙaramar Sallah, ni kuma na yi lalle, na ɗinka atamfar da ka ce tana yi mini kyau, na zauna ina tausaya maka wahalar aiki. Aikin hannunka yana nan yadda na san shi. Manajan nan ɗan'uwan tsohuwa mai kamun kifi ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Kada ka ji tsoro, ba zan ce kai ne yaron tafkin ba. Na karanta adabi, na san kwatance mai araha in na gan shi. Shi ya mutu, kai kana da rai, kuma aikin da kake yi halal ne da ya fi ƙarfin ragwaye. Abin da ke kashe ni wani ne daban. Wa yake kallon ka ta taga da safe, Mahir? Wa ya san ko ka karya? Damina guda ka yi a kan babur, ruwan Agusta yana dukan ƙirjin nan da ko fanka ba ya so, ni ina nan ina tsammanin kana cikin inuwa kana auna launi. Da na sani da na yi kuka a lokacin da ya dace. Da na yi addu'ar da ta dace! Wata huɗu ina roƙon Allah ya sassauta zuciyar manajan da babu shi, alhali direbobin tirela ya kamata in roƙa maka tsari daga gare su. Ka sace mini addu'ata, ka kai ta inda ba kowa.

Kullum da safe acaba nake hawa zuwa makaranta a hanyar Shabu, shekara biyu ke nan, ban taɓa kallon wanda ke ɗauke da ni ba. Tun Talata na kasa daina kallo. Ƙeyar kowa taka ce. Ina ganin inda rana ta ƙona, inda wuyan riga ya koɗe, inda iska ta busar da gumi ta bar gishiri. Jiya na tambayi wani ko yana da wadda ke jiran sa. Ya waiwayo ya dube ni kamar na taɓu, muka kusa faɗawa rami. Ina kewarka kamar yadda kogin Amba ke kewar ruwa a ƙarshen rani, ya kwanta yashi tsagwaro amma bai bar hanyarsa ba. Ina kewarka har haushin da nake ji ya rasa wurin zama, ya zo ya zauna kusa da so, suna kallon juna.

Na san daɗin abin da kake yi, kada ka zaci ban sani ba. Ranar Juma'a Inna ta ga littafin a hannuna ta gane bangon, ta ce, “Allah sarki, Allah ya yi wa tsohuwar nan albarka, ita ta ceci yaran.” Na buɗe baki in gaya mata babu wata tsohuwa, na ga fuskarta, na ce amin. Amma Inna ba ita za ta zauna da kai ba. Ni ce. Kuma sau biyu ke nan kana karanta rabin da ke hannunka, ka yanke hukunci kai kaɗai cewa ba zan iya ɗauka ba, ka ba ni wani mai zaƙi. Na farkon na yafe, har na gode, domin shi ya kawo ka bencinmu. Na biyun rayuwata ce. Mace mai tsaga littafi da reza ka ɗauka ba za ta iya jin an rufe masaƙa ba? In muka yi aure, ranar da likita ya gaya maka abin da ba daɗi, wace tsohuwa za ka kawo mini? Zan auri ɗan acaba gobe da safe, in yi guɗa da kaina in ba mai yi. Labari ne ba zan aura ba, komai daɗinsa.

Saboda haka na yi abin da za ka ji haushinsa. Na san ba ni kaɗai kake ɓoye wa ba. Baba kake jin nauyi, shi da ya tsaya a gaban 'yan'uwansa ya ce ya ba ma'aikacin masaƙa 'yarsa. Jiya da hantsi na same shi a rumfarsa ana auna riɗi, na jira mutane suka ragu, na durƙusa na gaya masa komai. Ya ɗebi riɗi a tafin hannu yana hurawa. Sannan ya ce, “Uwata, tun kafin azumi na sani. Direbobin doya ba su da ƙofa a baki.” Na ce to me ya sa bai faɗa ba? Ya ce, “Ba maganata ba ce, tasa ce. Yaron da ya hau babur don kada ya roƙi kowa, ban ga abin ƙi a jikinsa ba. Ni da kaina dako na fara a kasuwar nan. Wanda ya ɓoye ɗin ne ban gama sani ba. Ki ce masa ya zo ya zauna a nan ya faɗa mini da bakinsa kafin Babbar Sallah. In ya zo, a sa rana. In bai zo ba, ni ban kore shi ba, shi ya sallami kansa.”

Ka gani, hasken idona? Gidan da kake gadi babu kowa a ciki. Duk mun fito muna waje muna jiran ka.

Ba na son wasiƙa ta shida. In ka kira, zan ɗauka, domin ban da ƙarfin da zan ƙi. Amma in ka fara da manaja zan kashe. Ka zo yadda kake, da ƙonewar rana, da ƙurar hanya, da ramar da Hembadoon ta ce ka yi. Ita za ta ba ka wannan takarda hannu da hannu ranar Talata. Motarsu tana juyowa Lafia ranar Alhamis ba kaya. Na riga na yi magana da direban: akwai wurin mutum ɗaya a gaba, babur kuma yana shiga baya. Kada ka bar shi a Kaduna. Ka kawo shi ka kafe shi a ƙofar gidanmu da rana tsaka, inda duk Akurba za ta gani, ka shiga ka gaida Inna, ka wuce rumfar Baba. Magana ce da ba ta fi jimla uku ba. Ka faɗe ta a bushe, ba ado, ko da sau ɗaya a rayuwarka.

Ni kuwa ina nan inda ka bar ni. Ban duba wani ba, ba zan duba ba, ko ka zo Alhamis ko ka bar ni da kunyar Sallah ta biyu. Amma ka zo, Mahir. Don Allah ka zo. Na yi wa direba alkawari ba zai dawo da kujerar nan ba kowa ba, kuma ni, ba kamar wasu ba, ban iya gyara ƙarshen magana in ta ɓaci.

Taka a rani da damina, da masaƙa ko ba masaƙa, har ranar da za a karanta mini nawa littafin ba a tsallake ko shafi ɗaya ba,

Dijatu.